Kuɗin haraji a filin sukuwa: ina dawakai da karnukan da ba su ci tsere ba suke zuwa?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata shida ina aiki a Dublin, duk wata ana cire mini haraji. Kwanan nan na ji ana cacar baki a rediyo a kan cewa gwamnatin Ailan tana ba sukuwar dawakai da tseren karnuka kusan Yuro miliyan 100 a shekara, wasu suna cewa a daina domin azabtar da dabbobin ake yi. Ni dai da son doki na tashi, marigayi kakana ma yana da barga. Da gaske ne ana cutar da su, ko dai surutun masu rajin haƙƙin dabbobi ne kawai? Kuma ya dace kuɗin jama'a ya shiga wannan harka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Tambayar taka igiya ɗaya ce, amma abu uku ta ɗaure: doki, da kare, da kuɗin baitulmali. Dokar Ailan ma haka ta ɗaure su wuri ɗaya, kuma a ganina daga nan matsalar ta faro, domin halin da dokin sukuwa yake ciki daban, na karen tsere daban. Idan a ranar tsere ka je fili, da wuya ka ga dabbar da ta kai waɗannan samun gata: gashi na sheƙi, kofato a gyare, likita na tsaye a gefe. Cutarwar tana inda idon ɗan kallo ba ya kaiwa, wato kafin dabbar ta isa fili, da kuma bayan ta daina kawo kuɗi. Ni likitan dabbobi ne, yawancin aikina a kan dawakan sukuwa da na folo na yi shi, na kuma yi zaman ƙarin sani a wani asibitin dawakai a yankin Kildare na ƙasar Ailan. To daga wannan kujerar zan ba ka amsa.

Asalin asusun

A shekarar 2001 majalisar dokokin Ailan ta yi dokar da ta kafa asusu guda domin sukuwa da tseren karnuka. Dokar ta raba kuɗin kashi 80 cikin ɗari ga hukumar sukuwa, Horse Racing Ireland, kashi 20 ga hukumar tseren karnuka, wadda a da ake kira Bord na gCon. A 2024 an zuba Yuro miliyan 95, dawakai suka ɗauki miliyan 76, karnuka miliyan 19. A 2025 ya ɗan haura miliyan 99. Idan ka tara daga 2001 zuwa yau, abin ya wuce Yuro biliyan ɗaya da rabi. Duk shekara sai majalisun ƙasar biyu sun kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin a saki kuɗin, shi ya sa kake jin gardamar tana tashi a ƙarshen kowace shekara.

Da farko an ƙulla asusun ne da harajin da ake karɓa daga shagunan caca, da hujjar cewa 'yan caca su ne masu cin moriyar tseren, su ya kamata su ɗauki nauyinsa. Sai aka yi ta rage harajin cacar, ya sauko zuwa kashi 2 cikin ɗari a 2002, sannan kashi 1 a 2006, alhali kuɗin da aka yi wa asusun alkawari bai ragu ba. Baitulmali ya riƙa cike giɓin, har daga baya aka warware ƙullin gaba ɗaya. An mayar da harajin kashi 2 a farkon 2019, amma yanzu babbar jakar gwamnati yake shiga kamar kowane haraji, gwamnati kuma ita ke yanke abin da za ta ba asusun a kasafin kuɗi. Saboda haka wanda ya ce maka "ai kuɗin 'yan caca ne" bai faɗi maganar duka ba. Kuma harajin cacar nan daga dukkan wasanni ake karɓarsa, har da ƙwallon ƙafa, abin da ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta fito a 2023 tana neman a ba ta nata kason.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne inda kuɗin yake sauka. Kaso mai tsoka yana tafiya ne wajen kyautar waɗanda suka ci tsere. Ka riƙe wannan, domin shi ne jijiyar maganar. Idan lada yana kan gudu kaɗai, mai kiwo zai yi ta haifar da dabbobi da yawa yana neman zakara guda a cikinsu. Ragowar fa? Cinsu bai ragu ba, kuɗin maganinsu bai ragu ba, kuma ba su kawo ko sisi.

Karnukan

Karen tseren nan dogo ne siriri mai zurfin ƙirji, ƙirarsa ta yi kama da ta karnukan farauta na wajenmu, sai dai ya fi su girma. Yana kai gudun kilomita 70 a awa. A Ailan karnuka shida ake saki lokaci guda su bi zomon roba, tseren da aka fi yi mita 480 ne, kuma ƙasa da daƙiƙa 30 an gama. Filin zagaye ne mai kama da ƙwai, kullum kuma hagu ake karyawa. Karnuka shida cikin wannan gudu su doshi kwanar farko tare, ba birki, ba mahayin da zai ja linzami, dole a yi karo. Ko ba karo ma, nauyin jiki a kwana yana sauka ne a kan ƙafar baya ta dama, shi ya sa karayar ƙaramin ƙashin da ke cikin gaɓar wannan ƙafar ta zama sananniyar cutar karen tsere a wurin likitoci. Ana iya gyara ta da tiyata a sa ƙusa, karen ya warke ya yi shekaru yana tafiyarsa lafiya. Amma sau da yawa kuɗin tiyatar ya fi kuɗin karen, kuma ko ya warke ba lalle ya koma gudunsa na da ba. A nan ne lissafi yake shiga tsakanin mai kare da karensa.

Duk da haka, rauni a fili shi ne ƙaramin ɓangaren. A watan Yuni na 2019 gidan talabijin na ƙasar, RTÉ, ya fitar da wani bincike da ya girgiza mutane. Ya tono wani rahoto da ita hukumar karnukan da kanta ta sa aka yi mata a 2017 amma ba ta fitar ba. Rahoton ya ƙiyasta cewa ana haihuwar 'yan kwikwiyo kusan 16,000 a shekara, ninki goma na abin da tseren yake buƙata, kuma kusan 6,000 ake kashewa duk shekara domin ba su da gudu ko gudunsu ya ja baya. An nuna wuraren da ake kai mushen dabbobi suna harbe karnuka masu lafiya a kan 'yan kuɗi ƙalilan. Hukumar ta musanta alƙaluman, ta ce ƙiyasi ne da aka gina a kan tsofaffin bayanai. To amma musun nata ya tona wani abu da ya fi alƙaluman muni: ba ta da rajistar da za ta nuna inda kowane kare ya ƙare. Shekara 18 ana karɓar kuɗin jama'a, ba a iya cewa ga inda karnukan suka shiga ba.

Bayan shirin, kamfanoni irin su Barry's Tea da FBD suka janye ɗaukar nauyin gasa, hukumomin yawon buɗe ido suka daina tallata tseren ga baƙi. Gwamnati ta sa sharaɗin a kashe aƙalla kashi 10 na kason karnukan wajen kula da lafiyarsu da tsaftace harkar, aka kuma kafa tsarin bin sawun kare a 2021. Ci gaba ne, ba zan raina shi ba. Sai dai kare yana barin tsere yana ɗan shekara uku zuwa biyar, alhali yana iya kai sha biyu a raye. Gidajen da za su karɓi dubban karnuka masu ritaya duk shekara babu su a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan biyar da 'yan kai ba, shi ya sa ƙungiyoyin sa-kai suke kwasar su zuwa Italiya da sauran ƙasashen Turai da Amurka. Mafi yawan karnukan da ke tsere a Birtaniya ma haihuwar Ailan ne, kuma da zarar kare ya tsallaka ruwa an sayar da shi gaba, dokar Ailan ba ta iya bin sa.

Na san da yawa daga cikinmu ba mu saba da ajiye kare a cikin gida ba, har wani zai ce a kan kare ake wannan doguwar magana? Ni na riƙe irin waɗannan karnuka a hannuna a kan teburin aiki. Dabba ce mai sanyin hali, fatarta siririya kamar takarda, ba ta da kitsen da zai tare mata sanyi, zafin ciwo kuma tana jin sa kamar yadda ɗan akuyarka yake ji. Rai ne, kuma mutum ne ya sa aka haife shi domin wasa.

Dawakan

Maganar doki ta fi nauyi a zuciyata, ta kuma fi sarƙaƙiya. Ailan ce ta uku a duniya wajen haihuwar dawakan sukuwa na asali, bayan Amurka da Ostireliya, wajen dukushi 9,000 a shekara. Gonar Coolmore da ke Tipperary tana cikin manyan wuraren kiwon ingarmu a duniya. Gwamnati ta daɗe tana renon harkar: tun 1969 aka yafe haraji a kan kuɗin barbarar ingarma, sai a 2008 aka janye wannan rangwamen. Wani rahoto da kamfanin Deloitte ya yi wa hukumar sukuwa a 2023 ya ce harkar tana juya kusan Yuro biliyan biyu da rabi a shekara, tana kuma riƙe da ayyuka sama da 30,000. Ko ka rage wani abu saboda hukumar ce ta biya aka yi rahoton, wanda ya zaga Kildare da Tipperary ya san sana'a ce ta gaske: masu gyaran kofato, masu noman ciyawa, yaran barga, direbobin motar dawaki, likitoci irina. Ƙauyuka da yawa da doki suke ci.

Ga kuma abin da likita yake gani. Dokin sukuwa yana da nauyin kilo 500, yana gudun kilomita 60 a awa a kan ƙafafun da daga gwiwa zuwa ƙasa ƙashi ne da jijiya da fata kawai, babu tsoka. Ana fara sa shi tseren fili yana ɗan shekara biyu, alhali ƙashin jikinsa ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara biyar zuwa shida. Mafi yawan dawakan da ke cikin horo suna da gyambon ciki, saboda an halicci doki ya yini yana kiwo, mu kuma mun kulle shi a ɗaki muna ɗura masa hatsi. Da yawa suna zubar jini a huhu idan sun yi gudu mai tsanani. Tseren tsallake shinge, wanda mutanen Ailan suka fi ƙauna, ya fi na fili kisa nesa ba kusa ba.

Akwai ranar da ba na mantawa, a wani filin sukuwa a gida. Wani akawal ya karye a ƙafar gaba ana dab da ƙarasawa, ƙashin ya huda fata. Mai shi dattijo ne, ya riƙe mini hannu yana roƙo a kira maɗori, ko nawa ne zai biya. Na zaunar da shi na yi masa bayanin abin da nake yi wa kowa: doki ba ya iya kwanciya makonni kamar mutum, hanjinsa da huhunsa ba za su jure ba. Idan kuma ya tsaya a kan ƙafa uku, lafiyayyar ƙafar da ta ɗauki nauyin sai kofatonta ya kumbura daga ciki, ƙashi ya rabu da bango, azabar ta ninka ta farko. Ga ƙasa ta riga ta shiga raunin. Muka hutar da shi a wurin. Dattijon nan ya yi kuka kamar ya rasa ɗa, kuma ban taɓa shakkar son da yake yi wa dokinsa ba. Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa duk mai sukuwa azzalumi ne. A Kildare ma na ga yaran barga suna kwana a ƙasa kusa da doki mai ciwon ciki.

Amma son mutum ɗaya ba ya gyara tsarin da ke haifar da rara. Doki yana kai shekara 25 zuwa 30, sukuwarsa kuwa 'yan shekaru ce, wasu ma ba sa taka fili ko sau ɗaya. A 2021 BBC ta ba da rahoton cewa an yanka tsofaffin dawakan sukuwa wajen 4,000 a Birtaniya da Ailan daga farkon 2019, mafi yawansu a Ailan aka hore su. A wannan shekarar ce kuma hoton fitaccen mai horarwa Gordon Elliott yana zaune a kan mushen doki ya bazu, aka dakatar da shi wata shida. Sai a Yunin 2024 RTÉ ta sake fitar da hotunan ɓoye daga harabar mayankar dawakai guda ɗaya tilo mai lasisi a ƙasar, aka ga ana dukan dawakai marasa ƙarfi, aka kuma nuna yadda ake sauya wa doki shaida da takardu domin a shigar da namansa kasuwar Turai. Aka dakatar da mayankar. Batun takardun ba ƙaramin abu ba ne: dokin da aka taɓa ba maganin ciwo irin bute haramun ne ya shiga abincin mutane. Kuma hukumar kula da abinci ta Ailan ce ta fara bankaɗo badaƙalar naman doki a cikin naman shanu a 2013, saboda haka ba za a ce ba a san ramin yana nan ba.

Yanka doki da kansa ba shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali ba. Mutuwa mai sauri a hannun gwani ta fi a bar tsohon doki a fako yana ramewa har haƙarƙarinsa su fito, wanda na gani ba sau ɗaya ba, a can da kuma gida. Abin da ke damuna shi ne tafiyar da ke tsakanin barga da mayanka: a sayar, a sake sayarwa, kowane hannu ya fi na baya talauci, doguwar tafiya a mota da gurguwar ƙafa, kuma ba wanda zai ce ga ranar da ya bar rajista.

Abin da nake ganin ya dace

Wasu ƙasashe sun riga sun yanke hukunci a kan karnuka. Masu zaɓe a jihar Florida ta Amurka sun haramta tseren a 2018 da rinjayen kashi 69, yanzu filaye biyu kacal suka rage a duk Amurka, a West Virginia. Niyuzilan ta sanar a Disambar 2024 cewa za ta rufe harkar, yankin Wales na Birtaniya ya bi sahu da tasa sanarwar a Fabrairun 2025. Akwai darasi a yadda aka yi. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta sanar da haramci kwatsam a 2016, cikin wata uku matsin lamba ya sa gwamnati ta janye. Niyuzilan kuwa ta ba da wa'adin wata 20, ta kuma yi dokar gaggawa da ta hana a kashe karnukan ba da dalilin likita ba, domin ta san ranar da kare ya zama ba shi da amfani ita ce ranar da ransa yake cikin haɗari. A lokacin sanarwar, akwai karnuka wajen 2,900 a Niyuzilan da za a nema wa gidaje.

Ra'ayina a kan karnukan Ailan shi ne a janye tallafin a hankali cikin 'yan shekaru da aka ƙayyade, kuma kuɗin shekarun janyewar ya tafi wajen rage haihuwa, da yi wa karnuka fiɗiya, da sama musu gidaje, da taimaka wa ma'aikatan filaye su koma wata sana'a. Harkar da sai da ta sayar da filinta na Harold's Cross a Dublin a 2017 a kan Yuro miliyan 23 kafin ta biya bashi, kuma take jingine da baitulmali, jama'a ne suke riƙe da ita a tsaye, saboda haka jama'a suna da bakin cewa ya isa. Ka kuma gwada wannan: duk ƙungiyoyin ceton dabbobi na ƙasar, kusan ɗari, abin da gwamnati take raba musu a shekara wajen Yuro miliyan 6 ne, bai kai sulusin kason karnukan tsere ba, alhali su ne suke kwashe ragowar.

Dawakai kuwa ban ga hikimar yanke musu kuɗi rana ɗaya ba, domin dubban dawakai ne za su fara shan wahalar kafin masu su. Abin da zan nema shi ne a raba asusun biyu domin kowace harka ta kare kanta da kanta, a daina ɓoye kare a bayan doki. Sannan a ɗaura kowane Yuro da sharaɗi: rajistar kwamfuta da ke bin doki daga haihuwa har mutuwa, ana sabunta ta duk lokacin da ya sauya hannu, a riƙa fitar da adadin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni fili bayan fili, har da na wajen horo, a cire wani kaso daga kuɗin kyauta da na gwanjon dukushi a ajiye domin ritayar doki da sake hore shi ya zama na hawa, masu binciken kuma su kasance ba a ƙarƙashin hukumar da aikinta tallata wasan ba. Masu manyan barguna da ke lashe mafi yawan kyaututtukan attajirai ne, ɗaukar nauyin tsufan dokin da ya kawo musu kuɗi ba zai karya su ba.

Iyakata a nan ita ce ni ƙafa da huhu da hanji na karanta. Auna ayyukan yi na ƙauye da buƙatun asibiti da gidaje a kasafin kuɗi hukunci ne na masu biyan haraji irinka da wakilanku. Batun cacar da ke tattare da harkar kuwa na bar wa malamai, su ne masu shi.

Tunda harajinka yana ciki, kana da damar rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarka kafin ƙuri'ar ƙarshen shekara, kuma ofisoshinsu suna amsa wasiƙar mazaunin yanki. Kada ka tsaya a kan "a ba su ko a hana su", domin wannan kowa yana da amsarsa a aljihu. Ka ce ya tambayi ministan noma a zauren majalisa: cikin 'yan kwikwiyo da dukushin da aka yi wa rajista shekara biyar da suka wuce, nawa ne suka taɓa tsere, nawa ne suke raye yau, kuma a hannun wa suke? Tambayar majalisa dole ne minista ya amsa ta, amsar kuma tana shiga kundin da kowa zai iya karantawa.